Baƙon Tsiro a Fangalin Gwaggo Marka

Rijiyoyi goma sha biyu ne a fadamarmu ta Kwarin Gawo, kuma tun da aka haƙa su ba wadda ta taɓa ƙafewa, ko a shekarar da kogi ya zama filin wasan yara. Mu dai mun san dalili. Kakan kakana ne ya ƙulla alkawari da aljanun da ke ƙarƙashin fadamar. Su za su riƙa sako mana ruwa, mu kuma duk tsiron da ya fito a lambu wanda ba a san shi ba, kada a taɓa shi. A kewaye shi da toka, a ba shi ruwa tare da sauran shuka, a jira kwana bakwai. In ya yi fure aka gane shi, ciyawa a nome ta, abin miya a bar shi. In kuwa na aljanun ne, ran na bakwai za a tarar da da'irar toka ba komai a cikinta. Irin wannan shi muke kira baƙon tsiro.

Ni ne Nomau, Sarkin Lambu na biyar a gidanmu, kuma ni na karya wannan alkawari da hannuna, da rana tsaka, ina cikin hankalina. Ina ba da labarin ne don kunyarsa ta fi ƙarfin in riƙe ta ni kaɗai.

Sanin tsiro kam na san shi. Da zarar ganye biyu sun leƙo daga ƙasa zan gaya maka ko alayyahu ne ko zaƙi-banza. A rufe min ido a miƙo ganye, in murza in sansana, in faɗi sunansa da abin da yake magani. Har aka shekara ashirin ba a zuba toka a fadamarmu ba, don da an ga abu sai a ce a kira Sarki. Abin ya kumbura min kai ƙwarai, har "ban sani ba" ta fita daga bakina ban lura ba.

Wata Laraba da hantsi, a tsakiyar rani, albasa ta fara yin kai, sai ga baƙi shida daga Tudun Gaude sun zo ganin yadda muke reno da dashe. Ina gaba suna biye, ina ta zuba, sai Gwaggo Marka ta ɗago daga fangalinta na albasa. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyata, kuma har ta tsufa ba ta yarda wani ya yi mata ban-ruwa ba.

Ta ce, "Nomau, in ka sallami baƙinka ka zo ka ga wani abu."

In ka sallami baƙinka, ta ce. Ta buɗe min ƙofar fita, ni ne na ƙi bi. Na kwashi mutanen nan gaba ɗaya muka tsaya mata a ka.

A tsakiyar fangalin, cikin albasa, ga da'irar toka sabuwa. A cikinta wani ɗan tsiro ne da bai wuce tsawon yatsa ba, karansa ja kamar an sa masa lalle. Ganyensa uku, ɗaya zagayayye, ɗaya mai tsini, ɗaya a naɗe. Na taɓa shi na ji sanyi, na sansana yatsana na ji ƙamshin ruwan farko. Ban taɓa ganin irinsa ba, kuma a take na san ban taɓa gani ba.

Babban baƙin, wani Malam Cindo, ya gyara tsayuwa ya ce, "Yau za mu sha karatu. Ranka ya daɗe, mene ne wannan?"

Ido goma sha biyu a kaina. Na ji bakina yana cewa, "Wannan? Ai gadon maciji ne taki ya yi masa yawa. Ciyawa ce."

Gwaggo ta ce a hankali, "Gadon maciji shimfiɗa yake yi a ƙasa, Nomau. Wannan a tsaye yake."

Na ce, "Gwaggo, idon ne ya fara gajiya."

Baƙi suka yi dariya. Na sa ƙafa na share tokar, na sunkuya na tuge tsiron na yar. Saiwar ta tsinke da wata ƙara irin ta igiyar guga, har na ji ta a tafin ƙafata. Gwaggo ta matso. Ta duƙa ta ɗauke shi, ta dube ni sau ɗaya, ta koma aikinta.

Kafin azahar guga ya fara fitowa da laka. Kafin la'asar duk rijiyoyin nan goma sha biyu sun bushe ƙarƙaf. Albasar rani ba ta wuce kwana uku ba ruwa, kuma gida arba'in ne abincinsu na shekara ke cikin fangalan nan. Mutane suka taru suna leƙa rijiya suna salati, kowa na tambayar abin da aka yi. Ni kuwa na tsaya a cikinsu ina taya su mamaki, har da kaɗa kai. Ko yanzu in na tuna wannan tsayuwa sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Washegari da sassafe Gwaggo ta aiko a kira ni. Na tarar da ita a bakin fangalin, wurin da na tuge tsiron ya buɗe ya zama rami mai faɗin bakin randa, ga guntun saiwar yana reto a ciki. Ta miƙo min tsiron naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, ya yi yaushi.

Ta ce, "Ban gaya wa kowa ba. Ta nan ka ɓata, ta nan za ka bi."

Na ce, "Gwaggo, in ban dawo ba fa?"

Ta ce, "In ka zauna ma ba ka da fuskar da za ka dubi mutane da ita. Ka yi bisimilla."

Na sa tsiron a aljihu, na kama saiwar na zura ƙafa. Na yi ta sauka cikin duhu, saiwar tana ƙara kauri a hannuna har ta kai cinyar mutum, sannan na dira a wata ƙasa mai faɗi da wani koren haske wanda ban ga inda yake fitowa ba. Na ɗaga kai. Samaniyar ƙasar nan duk saiwoyi ne suke reto, kuma na gane su. Ga ta gawon bakin hanya, ga ta mangwaron Alhaji Barmo, ga dubban fararen gemu na albasarmu, sun fara ƙanƙancewa don ƙishi.

Ban yi taku ɗari ba sai ga runduna ta tare hanya. Ciyayi ne, duk waɗanda na nome a shekara arba'in, kowace ta kai tsawon mutum, suna tsaye sahu-sahu. Shugabarsu doguwa ce mai kaifin gefe, riƙe da mashi. Ta buga shi a ƙasa ta ce, "Ya kai bil'adama mai fartanya, ka kashe mu damina da rani ba mu yi ƙara ba, domin da sunanmu ka kashe mu. Ba za ka wuce ba sai ka kira kowaccenmu da sunanta. In ka kuskure ɗaya, a nan za mu binne ka."

Na ce, "Ke ce tofa."

Ta sunkuyar da mashi ta kauce. Na shiga cikinsu ina kira. Harkiya, ƙiri-ƙiri, ƙarangiya, tsidau, kashin yawo, nonon kurciya, ƙuduji mai kashe dawa. Kowace na kira sai ta kwanta in taka in wuce. Ainihin gadon maciji ne na ƙarshe, yana shimfiɗe a ƙasa. Da na kira shi sai ya ce, "Ashe ka san ni." Na wuce da sauri.

Daga nan na isa bakin wani kwazazzabo da ba a ganin ƙasansa, iska mai zafi tana tasowa daga ciki. Igiyoyi biyu aka shimfiɗa daga wannan gaɓa zuwa waccan, ɗaya kakkaura mai furanni, ɗaya siririya. Kakkaurar duman rafi ce, cikinta fanko, ko akuya ba za ta ɗauka ba. Na kama siririyar, yaɗiya ce, na yi ta jan jiki a kanta, iska na wujijjiga ni, hulata ta faɗa ban ji saukarta ba. Na haye na faɗa dajin tumfafiya, kowace itaciya ta fi rimi tsawo, nononta na ɗiga kamar yayyafi. Na san ɗigo ɗaya a ido ya isa makanta, sai na tuɓe riga na rufe kaina, na yi ta lalube, duk inda ya taɓa bayana sai ya saɓule. Amma da na fita, maimakon in yi godiya, sai na ji kaina ya soma kumbura kuma. Na ce a raina, ashe ko a ƙasar aljanu Sarkin Lambu Sarkin Lambu ne.

Can na hango garke. Shanu goma sha biyu ne, jikinsu duk ruwa ne garau, ana hango abin da ke cikinsu. Wasu dogayen makiyaya marasa fuska suna kora su zuwa bakin wani baƙin kogo. Na dubi babban bijimin da ke gaba sai na ga tsohon gugana da ya faɗa rijiya bara yana yawo a cikinsa. Rijiyata ce, wadda na gada. A can baya ga wata 'yar karsana mai ɗingishi da sakaina a cikinta, ta Gwaggo Marka. Na bi su da gudu ina roƙo a tsaya, ba wanda ya waiwayo, har muka isa wani fili a gaban kogon.

A nan fadar take. Aljanu sun fi dubu zaune a ƙasa, a tsakiyarsu wata tsohuwa a kan kututture, gashinta saiwoyi ne da suka hau sama suka haɗe da samaniya. Idanunta farare fat. Wani bafade ya daka tsawa ya ce in faɗi gaban Magajiyar Ƙasa. Na zube na kwashi gaisuwa.

Ta ce, "Ya kai ɗan Adam, jikan mai alkawari, me ya kawo ka inda rana ba ta zuwa?"

Na ce, "Allah ya ja zamaninki, ruwan mutanena na biyo. Kwana biyu ya rage albasarsu ta mutu."

Ta ce, "An ce mana a bisa akwai wani Sarkin Lambu wanda ba tsiron da bai sani ba. Kai ne?"

Ya kamata in yi shiru. Na ce, "Haka mutane ke faɗa."

Ta ɗaga hannu, aka kawo wata tukunya aka ajiye a gabana. Wani abu ne a tsaye a ciki, siraran karare masu launin jan ƙarfe, an ɗaure gindinsu, kowane kara da ɗan baƙin tsini a kai. Ta ce, "Faɗi sunansa."

Na duba, na taɓa, na sansana. Ban san shi ba. Na ɗaga kai na ga ido dubu biyu a kaina, har rundunar ciyayi ta biyo ni ta tsaya a baya tana kallo. Kuma wallahi, bayan duk abin da ya faru, bayan rijiyoyi sun ƙafe saboda bakina, sai na sake jin bakin nan yana motsi. Na ce, "Wannan wani jinsin gamba ne, irin na ƙasa mai gishiri."

Magajiya ta ce, "Tsintsiyar fadata ce. Baiwata ta gama shara ta soka ta a tukunya."

Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi min sauƙi. Ta juya ga makiyayan ta kaɗa yatsa. Suka kora babban bijimin cikin kogon, na ji ƙarar zubarsa tana nisa har ta ɓace. Ta ce, "Wannan rijiya ta tafi, ba za ta dawo ba har abada. Saura goma sha ɗaya. Fito da abin da ke aljihunka."

Na fito da tsumman, na warware. Tsiron ya yi baƙi, ganyen nan uku sun manne da juna.

Ta ce, "Faɗi sunansa."

Amsa ɗaya ce, wadda shekara ashirin ba ta bi ta bakina ba. Na dubi 'yar karsanar nan mai ɗingishi tana tsaye a bakin kogo. Na sunkuyar da kai na ce, "Ban sani ba. Jiya ma da na tuge shi ban sani ba. Kunyar baƙi ce ta sa na yi ƙarya, na kuma ci fuskar matar da ta goye ni."

Magajiya ta juyo da fararen idanunta kaina. Sannan ta ce, "Mu ma ba mu sani ba."

Na ɗago ina kallonta.

Ta ce, "Ya kai ɗan Adam, kana tsammani don wasa muke turo muku tsiro? Mu saiwa kaɗai muke gani. Ba abin da ke yin fure a ƙasarmu, domin ba mu da rana. In muka tsinci irin da ba mu sani ba, sai mu aika shi bisa ya sha hasken kwana bakwai, ya yi fure, mu ɗauko mu gani. Wannan ƙwaya ɗaya ce tak. Kakata ta ciro ta daga cikin wani kifi a tekun da ke ƙarƙashin wannan ƙasa, muka yi shekara ɗari uku muna jiran fangalin da ya dace da ita, har muka zaɓi na tsohuwar nan don hannunta yana da haƙuri. Ko abinci ne da zai ƙosar da gari, ko maganin wata cuta, ko guba, ba mu sani ba. Kwana biyar ya rage mu sani, mu da ku."

Na rasa inda zan sa fuskata. Na yi kuka a gaban aljanu dubu, ni da furfurata. Da na samu murya na ce, "Ranki ya daɗe, laifin nawa ne ni kaɗai. Mutanen nan ba su san komai ba. A yi min abin da za a yi, a mayar musu da ruwansu."

Ta ce, "Ranka ba ya shayar da kowa. Amma kana da abin da ba mu da shi. Kai ka ga furen kowane tsiro na bisa, ka san sunansa da amfaninsa. Ka ba mu. Sai dai ka sani, abin da ka ba aljan ba ya zama a wurinka."

Na gane nufinta sarai. Na ce na yarda.

Na fara da ciyayi, don ko a lokacin rowa ba ta sake ni ba. Na ce tofa, na faɗi kamanninta da furenta, sai na ji sunan ya fita daga kaina kamar an zare ƙaya, na waiwaya na ga doguwa mai mashi ban san ko wace ce ba. Na yi ta faɗa. Da ciyayi suka ƙare, shanu uku suka juya suka kama hanyar gida. Na shiga itatuwa, huɗu suka juya. Na shiga magunguna, waɗanda mahaifina ya koya min a daji, da waɗanda na saya da tafiyar ƙafa har ƙasashe masu nisa, biyu suka juya. Na shiga kayan miya, rama da yakuwa da lalo da kuɓewa da tattasai, ina faɗa ina jin kaina yana zama kango, ta goma ta juya.

Saura 'yar karsana. Ni kuma suna ɗaya ya rage min, wanda na ɓoye a can ƙasan zuciya. Shi ne na farko da na koya a duniya, ina goye a bayan Gwaggo, tana nuna min da yatsa tana maimaitawa har na iya.

Magajiya ta ce, "Akwai saura."

Na ce, "Albasa."

Karsanar ta juyo ta zo ta durƙusa a gabana. Na hau, ta ɗauke ni ta bi saiwoyi ta yi sama, sanyi ya rufe ni, sai ga ni ina bulbulowa daga rijiyar Gwaggo tare da ruwa, rana tana tsaka.

Fadama ta cika da murna, jigon ɗiban ruwa na ta ƙara ta ko'ina. Aka ciro ni, aka kewaye ni, wasu na cewa Sarki ya shiga ƙasa ya ƙwato mana ruwa, wani har ya fara yi min kirari. Da na yi shiru da haka labarin zai zauna, don Gwaggo ba za ta taɓa tona ni ba. Na ɗaga hannu na ce su saurara. Na gaya musu komai, tun daga tokar da na share har zuwa tsintsiya. Mai kirari ya daina, mutane suka riƙa zamewa ɗaya-ɗaya suna komawa ban-ruwa ba tare da sun dube ni ba. Na durƙusa gaban Gwaggo na ce ta yafe min. Ta ce, "Tashi ka je ka duba lambunka."

Na je. Rijiyata busasshiya ce, har yau kuwa haka take. Na tsaya a bakin fangali ina kallon wasu korayen abubuwa masu tsini, jere-jere, dubbai, na san ni na dasa su amma ban san ko mene ne ba. Na duba hagu na duba dama, duk baƙi ne. Abu ɗaya na tuna, abin da ake yi wa baƙon tsiro. Na je murhun masu gadi na ciko hular wani da toka, na duƙa a kan na farko na kewaye shi, na matsa na biyu.

Ina kan na bakwai na ji inuwa a kaina. Mutane sun tsaya daga nesa suna kallo, wasu sun rufe baki. Gwaggo ce ta zo da tulun ruwa daga rijiyarta. Ta sauke, ta karɓe hular daga hannuna, ta durƙusa da ƙyar kusa da ni, ta nuna da yatsa.

Ta ce, "Albasa ce, Nomau."

Na ce, "Albasa."

Ta ce, "Sake faɗa."

Shekara huɗu ta yi tana koya min kafin Allah ya karɓi abarsa. Duk sunan tsiron da kuka ji a wannan labari daga bakinta na sake ɗauko shi. Tsumman nan kuwa yana nan cikin akwatina da ɗan busasshen kara a ciki, kuma duk wanda ya tambaye ni mene ne, ina gaya masa ban sani ba.